Allurar Hansai

Lydia ta buga katin a kan teburin Majo Rhissa har kwalaben magani suka yi ƙara.

"Duba shi," ta ce. "Ban yi karatun lakkol ba, amma na san jan rubutu ba alheri ba ne. Mi ka rubuta wa Hansai?"

Majo bai taɓa katin ba. Yana tsaye gaban risho yana juya sirinjin gilashi cikin tafasasshen ruwa da hantsaki. Shi ne babban mai jinya a ƙaramin asibitin gwamnati inda talakawan Arlit ke zuwa, waɗanda ba su da katin asibitin kamfanin haƙar yuraniyom. Ba'abzine ne dogo, mai magana a hankali, kuma in ransa ya ɓaci Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Na rubuta ta bar magani," ya ce. "Kwana tara ban gan ta ba."

"Ba ita ta bar magani ba, ƙafafunta ne suka bar ta."

"Ki kawo ta."

"Na ɗora ta bisa amalanke ran Litinin. Ba mu kai kasuwa ba ta fara aman jini, mai jakin ya sauke ta bakin hanya ya ce shi ba ya ɗaukar gawa. A bayana na maida ta gida. Ka ɗauki allurarka ka zo ka yi mata a ɗaki."

Hansai maƙwabciyar Lydia ce a unguwarmu ta bukkoki. Katanga ɗaya ta raba su, irin ta tano, wato durom, da aka fasa aka miƙe ƙarfen. Ba'adara ce, daga wajen Tawa. Da can a gidajen kamfani take zaune, da famfo da lantarki, har kasuwar yuraniyom ta faɗi aka sallami mijinta Ahmudu. Aka karɓe makulli, aka karɓe katin asibiti. Ahmudu ya hau babbar mota zuwa Assamakka neman aiki, shekara huɗu ke nan ba labari. Ita kuma ta shiga wankau, tana wanke kayan aikin ma'aikata, har tari ya kama ta. Aka duba aka ce tarin fuka ne, allura sittin, ɗaya kowace safiya. Ta yi ashirin da biyu da ƙafarta, tafiyar kusan awa guda zuwa, awa guda dawowa. Ran ta ashirin da uku ta faɗi a ƙofar gida.

Majo ya leƙa ƙofa, sannan ya rage murya.

"Kin san sunana, kin ga fatata. In na fita nan da magani cikin jaka, a shingen farko za su ce daji zan kai wa ƴan tawaye. Wani abokin aikina ya fita da auduga da kwalba biyu zai duba uwarsa. Wata uku yanzu, ba wanda ya san inda yake."

Shekarar tawaye ce. Mota ba ta fita zuwa Agadas sai cikin ayari da rakiyar soji, kuma an kafa shinge a bakin hanyar da ke shiga unguwarmu. Lydia ta san ba ƙarya yake yi ba. Tun da aka fara kame ma ya cire rawaninsa, yana yawo da kai a buɗe kamar wanda aka yi wa fashi.

"To ba ni maganin, in nemi mai yi mata."

"Wa? Mai kemis na kasuwa? Ya soke shi inda ba daidai ba, ƙafa ya mutu, ki dawo ki ce ni ne. Ki je wurin Madam. Ita ke da takardar fita unguwa."

Ƙofar Madam Zinatu tana kallon ta Majo, a tsakar gida ɗaya. Ofishin nata, biron da ake ce wa Sosiyal ne, inda ake duba marayu da gajiyayyu. Madam ƴar Damagaram ce, ba ta wuce talatin ba. Tana da mobilet, ɗan babur na aiki, da takarda mai hatimi da ke wuce ta kowane shinge. Kuma a hannunta geron taimako yake: kowace Alhamis mai tarin fuka yana karɓar tiya biyu da ɗan mai da garin madara, in dai katinsa ya nuna hatimin Majo na kwana shida.

Ta karɓi katin ta juya shi, ta ga jan rubutun, ta miƙa wa Lydia abinta.

"Goggo, ba hatimi. Mako na biyu ke nan."

"Na sani. Yunwa ce ta hana ta tashi, rashin tashi ya hana ta hatimi, rashin hatimi ya hana ta gero. Ke da kika yi karatu, ki nuna mini ta ina ake shiga."

"Masu ba da geron suna zuwa su duba kati da buhu. In na fitar da tiya ɗaya babu hatimi, sai su rufe mana duka, mutum arba'in su rasa saboda mutum ɗaya. Ki ce wa Majo ya buga mata."

"Ya ce ba ya buga wa allurar da bai yi ba."

"To, kin gani."

"Kin zo gidan ai. Kin ƙirga tabarma, kin ƙirga tukwane, kin rubuta cikin kayenki, littafin nan naki. Mi kika yi da rubutun?"

"Yana cikin rahoto."

"Rahoto ba ya dahuwa, Madam. Ke kina iya fita, ba ki iya allura. Shi yana iya allura, ba ya iya fita. Ki ɗora shi bayan mobilet ɗinki, ku tafi tare."

Madam ta daidaita takardun da ke gabanta, waɗanda a daidaice suke dama.

"Ba a taɓa yin haka ba."

Kowa ya san dalili. Ƙanenta yaron mota ne, an harbe shi a hanyar Agadas a farkon shekara, ran da ƴan tawaye suka tare ayari. Tun daga ranar ba ta ƙara gaida Majo ba, don ƙabilarsa ɗaya da ƴan tawayen. In tana da magana da shi sai ta rubuta a takarda ta ba mai shara ya kai, shi ma ya rubuto amsa.

Lydia ta tsaya a tsakar gidan ta dubi ƙofar nan, ta dubi waccan. Sannan ta taka daga ɗaya zuwa ɗayar tana ƙirgawa. Taku tara ne.

Ta iske Hansai kwance a gefenta, fuska ga ƙofa, gwangwanin tumatir cike da rairayi kusa da kanta, inda take tofawa. Ɗakin ya yi zafi kamar tanda.

"Ke ƴar Maraɗi, mi sunka ce?"

"Sun ce gobe."

"Ƙarya kike. Ke da kuke zuwa coci kowace Lahadi, ba a hana ku ƙarya can?"

"Tashi ki sha fura, Yaya."

"Hurar ɗiyanki ce. Na ji ƙaramar na kuka jiya."

"Kukan banza ne. Buɗe baki."

Ta sha cokali uku, na huɗu ya dawo. Lydia ta share mata baki da gefen zane. Ba inda za a kai ta. A garin su Hansai fari ya cinye damina biyu a jere, mutanen ma watsewa suka yi. Ɗiyarta ɗaya, Mero, tana aure can wani ƙauye bayan Keita, ko labarin ciwon ba ta ji ba.

"In na mutu ki ɗauki tukunyar ƙarhen can," in ji Hansai. "Ta hi taki."

"Ba ni so."

"Kina so. Shekara ukku kina kallonta ta kan katanga."

Lydia ta yi dariya, ta fita waje ta tsuguna bayan ɗaki tana hawaye, ta daɗe ba ta tashi ba.

Kwana goma sha biyu ta yi tana wannan zirga-zirga. Ta bar suyar ƙosai, ta bar wa mijinta Andarawus yara. Majo ya ce ta je wurin Madam, Madam ta ce ta je wurin Majo. Ran nan Madam ta rubuta takarda tana tambaya ko za a iya buga hatimi na musamman. Majo ya rubuto cewa babu irin wannan a ƙa'ida, amma ko za a iya fitar da gero na musamman. Lydia ce ta kai takardun biyu da hannunta, don mai sharan bai zo ba. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya kore ta. Kowanne har kujera yake ba ta. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

Ran Alhamis ta uku da kwanciyar Hansai, ranar rabon gero, tsakar gidan cike da masu tari a layi, kowa da kwanonsa da katinsa. Lydia ta shigo da wani abu rufe da tsumma. Ba ta bi layi ba. Ta je daidai tsakiya, ta ajiye a ƙasa, ta yaye tsumman. Gwangwanin Hansai ne. Rairayin ya zama baƙi ya dunƙule, na sama kuma ja ne ɗanye, na safiyar ranar. Layin ya ja da baya.

"Majo Rhissa. Madam Zinatu. Ku fito."

Ba ta yi ihu ba, amma har bakin titi an ji ta. Madam ta fito da tiya a hannu. Majo ya fito yana share hannu da rigarsa.

"Kun ce ba ta da hatimi. Ga hatiminta, kowace safiya tana bugawa da kanta. Na gaji da kai muku takarda. Wanda zai karanta wannan ya zo ya karanta."

"Rufe shi," in ji Majo. "Akwai mutane."

"Ba ni rufewa. Mutanen nan kowa yana da irinsa a gida."

Majo ya tsuguna da kansa ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ja tsumman ya rufe. Madam ba ta motsa ba. Da ta yi magana, ba Lydia ta yi wa ba, kuma ba ta kalle shi ba, gwangwanin take kallo.

"In ta samu allurar, za ta tashi?"

"Da kwana goma da suka wuce kika tambaye ni, da na ce i," ya ce. "Yanzu ban sani ba."

"Minti nawa ake yi?"

"Biyar. In ta ci wani abu. Ciki wayam ba ta ɗauka."

"Mi za ka ɗauka?"

"Kwalba ɗaya, sirinji ɗaya, auduga."

"To ka rubuta su da sunanta da lambar katinta, in sa hannu a ƙasa. Zan ƙara sunanka cikin takardata. Ka goge jan nan, ni kuma in auna mata geron mako."

Shi ke nan. Lydia ta tsaya tana jiran sauran maganar, babu saura. Abin da ya ci mata kwana goma sha biyu, a tsaye suka gama shi kafin mai shayin bakin ƙofa ya zuba kofi ɗaya.

Washegari tun da hantsi ta je ta tsaya kusa da shinge, don ba ta yarda za su zo ba. Sai ga mobilet yana tafe yana nishi, Madam a gaba da ɗankwali ɗaure tam, Majo a baya gwiwoyinsa sun kusa kai kunnuwansa, jaka a cinya, yana ƙoƙarin kada jikinsa ya taɓa nata. Mata masu ɗiban ruwa suka rufe baki suna dariya. Sojan ya ɗaga hannu. Ya dubi Majo sama da ƙasa, ya ce ya sauka, ya zazzage jakar a kan benci.

"Wannan fa, ina za shi da magani?"

"Tare muke," in ji Madam. "Ga sunansa ƙasan nawa. Kwalba ɗaya ce, ka ƙirga. Da ita za mu dawo, babu komai ciki."

Sojan ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ɗaga sandar.

Safiya huɗu suka zo. Madam ce ke fara shiga, ta dama kunu da garin madara, ta tallafe kan Hansai ta ba ta da cokali. Majo yana waje yana jiran a ce ta sha. Sannan ya yi sallama ya shigo a duƙe, don ƙofar ba ta kai kafaɗarsa ba.

"Majo, hannunka ya yi nauyi," in ji Hansai ran farko. "Ka manta aikin ne?"

"Ba hannuna ba ne. Babu nama ne, duk ƙashi."

"To ka kawo naman mana. Ku ke da raƙuma."

"Raƙuma sun mutu da fari, Inna. Ni ma gero nake ci."

Ya sa Andarawus ya huda bangon gabas don iska ta riƙa ratsawa. Ya ɗora abin aunawa a ƙirjin Lydia, ya ce ta kawo yaranta a duba su. Madam ta gaya masa Hansai ba ta barci saboda tunanin ɗiyarta, shi ya gaya wa Madam kada a ba ta mai da yawa tukuna, cikinta ba zai riƙe ba. Ran na biyu Madam ta zauna a bakin tabarma ta ɗora kaye a gwiwa, Hansai tana faɗa tana rubutawa, wasiƙa zuwa ga Mero.

"Ki ce mata ina nan lahiya."

"Inna, in na rubuta haka ba za ta zo ba."

"To ki ce ina nan lahiya, amma ta taho."

Ran na uku Hansai ta zauna da kanta, ta jingina da bango, ta ce a taje mata kai. Lydia tana tajewa tana kallon mutanen nan biyu a bakin ƙofa, suna magana ƙasa-ƙasa a kan wani tsoho mai tari a layin baya, ko za su biya ta wurinsa gobe. Sun iya aikin. Kowanne ya san inda nasa ya tsaya na ɗayan ya fara. Ta danna matajin da ƙarfi. Da ma ba su iya ba ne, da ta yafe musu.

"Kina ja mini gashi," in ji Hansai.

Ran na biyar, gari ya waye, Lydia ta dama kunu da kanta don Madam ta iske an gama. Ta shiga da kwanon ta iske Hansai ta juya fuska ga sabuwar hudar bango, numfashi yana fita da ƙyar. Ta ajiye kwanon, ta riƙe mata hannu. Hansai ta motsa baki, Lydia ta gane kalmar shahada take nema. Ba addininta ba ne, amma shekara uku tana jin ta ta kan katanga. Ta faɗa mata a kunne a hankali, Hansai tana bi, har ta daina bi.

Ba a jima ba ta ji ƙarar mobilet. Ta fito ta tsaya a ƙofa, ta tare ta da jikinta. Madam ta kashe injin. Majo ya dubi fuskar Lydia, ya sauke jakar daga kafaɗa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Madam. "Goggo, sannu. Allah ya sa ta huta."

"Taku tara ne tsakanin ƙofofinku," in ji Lydia. "Na ƙirga. Kwana ashirin da ɗaya tana kwance kafin ku taka su."

"Ciwon ya yi nisa tun..." Majo ya fara.

"Kada ka gaya mini. Kai ka ce da bakinka, da kwana goma da suka wuce da ta tashi. Ina wurin. Ke kuma, ba Hansai ce ta harbe ƙanenki ba. Ba ta taɓa riƙe komai ba sai sabulu."

Madam ta sunkuyar da kai.

Sai maganar wanka ta taso. Lydia ba ta da ikon yi, tunda ba Musulma ba ce. Aka kira Kaka, tsohuwar da ke wanke mata a unguwar, ta zo tana dogara sanda. Ta ce ita kaɗai ba ta iya juya gawa. Matan layin sun taru a waje, kowa tana kallon ƙasa, don an san irin ciwon. Ɗaya ta ce tana shayarwa, ɗaya ta ce ba ta da tsarki.

Madam Zinatu ta kwance agogonta ta sa cikin jaka. Ta naɗe hannun riga.

"Majo, mi zan kiyaye?"

"Ki ɗaura ƙyalle a hanci da baki, ke da Kaka. Ki rufe mata fuska kafin ku juya ta. Ga sabulu cikin jakata."

Ta karɓa daga hannunsa, ta duƙa ta shiga. Lydia ta ɗebo ruwa ta miƙa musu daga bakin ƙofa, sannan ta ware zanenta na Lahadi ta rataya ya zama labule. Daga ciki ana jin muryar Kaka tana cewa a fara da dama.

Andarawus ya tafi gaya wa liman, maza suka bi shi da diga da shebur. Majo bai iya binsu ba, bai kuma iya komawa asibiti ba, don kwalbar yau tana cikin jakarsa cike, kuma takardar da za ta wuce da shi shinge tana wurin Madam. Ya samu wani dutse a ɗan inuwar katanga ya zauna, jakar a kan gwiwoyinsa, ya rungume ta da hannu biyu.

Lydia ta wuce shi sau uku da bokiti ba ta kalle shi ba. A na huɗu ta shiga ta ɗauko kwanon kunun, ya riga ya huce har ya yi fata a sama. Ta ajiye shi a ƙasa gabansa, ta koma bakin labule ta zauna.

Inuwar ta janye daga kansa, bai matsa ba. Ruwan wankan ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa, ya ɗan yi tafiya cikin rairayi, ƙasa ta shanye shi.